Lesin ɗin lissafi a Tudun Wada: abin da na gani da idona

Tun da aka ga canji a takardar sakamakon 'yata, iyaye a layinmu ke tare ni da tambaya ɗaya: lesin ɗin lissafin nan da kake kai ta, ya ci kuɗinsa kuwa? E, ya ci. Amma ba kowane yaro ne zai amfana da shi ba, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, zan faɗe su yadda suke. Ba zan kama sunan wurin ko na malamin ba, tunda bai ce in yi masa talla ba, ga shi kuma akwai suka a cikin maganata. Gareji ne a cikin Tudun Wada ta Kaduna da aka fasa masa taga biyu, aka zuba benci, aka kafa farin allo.

Ni mai walda ne, a Panteka nake neman abincina. 'Yata tana SS2, ajin kimiyya, burinta aikin jinya ko haɗa magunguna. Duk mai yaro a sakandare ya san ba inda za ta je sai da kiredit a lissafi, wato aƙalla C6 a WAEC ko NECO. Yarinyar kuwa tana da kai. Ka tambaye ta tushen murabba'in 144, abin da suke kira sikwaya rut a aji, kafin ka rufe baki ta ce maka 12. Amma da zarar an naɗe wannan 144 ɗin cikin labari da Turanci, an ce ga wani ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya, girman ƙasansa murabba'in ƙafa 144, nawa ne tsawon bango guda, sai ta tsaya cak. Wani lokaci ta raba da biyu ta rubuta 72, wani lokaci ta raba da huɗu ta rubuta 36. Ko a ranta ba ya zuwa cewa babu ɗakin kwana mai bango ƙafa 72. Dalilin kai ta lesin ke nan, kuma a kan wannan kaɗai zan auna shi.

Malamin matashi ne, ba zai wuce talatin da 'yan kai ba. Da safe yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, lesin kuma bayan la'asar daga Litinin zuwa Alhamis, sai Asabar da hantsi. Yana barin iyaye su zauna a bencin baya su saurara, ni kuma ranar Asabar ɗin da ba ni da aikin gaggawa nakan zauna. Don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba labarin yarinya kawai ba.

Dokarsa ta farko, ba a taɓa kalkuleta sai an yi zane. Akwai kwali a bakin ƙofa, kowa ya shigo nan yake ajiye tasa. Ta biyun ita ta fi burge ni: kafin yaro ya rubuta lamba ko ɗaya, sai ya miƙe ya ba da labarin tambayar da Hausa, da bakinsa. Tambayar da Turanci take, amsar ma da Turanci za a rubuta, tunda haka jarrabawa take zuwa. Amma Malam ya ce wanda ya kasa faɗin abin da ake nema da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa, to bai karanta tambayar ba tukuna, idonsa ne kawai ya bi ta kanta. Akwai 'yan yaran da ba Hausawa ba a ajin, su ma yawanci Hausar suke yi, wanda ta gagare shi ya faɗa da buroka.

Na ga yadda abin ke aiki a kan wata tambaya. Wai wasu mutane ne suka yi karo-karo, kowa ya ba da naira daidai da yawan mutanen da ke wurin, aka tara naira 2,025. Su nawa ne? Aji ya yi tsit. Wani yaro daga gefe ya ce a raba da biyu. Malam bai tanka masa ba, sai ya juya wajen 'yata.

"Ke, tashi ki faɗa mana da Hausa. Me ya faru a labarin nan?"

"Malam, kamar zubin adashi ne. In su biyar ne, kowa biyar-biyar zai bayar."

"To nawa aka tara ke nan?"

"Ashirin da biyar."

"In su goma ne fa?"

"Goma-goma, ɗari ke nan." Ta ɗan yi shiru. "Malam, ai lamba ce aka ninka da kanta."

"Madalla. To wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 2,025?"

Daga nan ya ja gefe ya bar su. Arba'in sau arba'in 1,600 ne, hamsin sau hamsin 2,500, amsar tana tsakaninsu. Kuɗin ya ƙare da 5, kuma lambar da ta ƙare da 5 ce kaɗai ke ba da abin da ya ƙare da 5 in an ninka ta da kanta. Mutum 45. Kalkuletoci suna cikin kwali ba wanda ya waiwaye su. Abin da na lura da shi, a cikin tambayar gaba ɗaya ba inda aka ce a nemo tushe, kuma mafi yawan tambayoyin labari haka suke zuwa. Yaro ne zai gano da kansa cewa an ninka abu da kansa sannan aka ɓoye masa shi. A makarantarsu an koya musu yadda ake fitar da tushen, amma ba wanda ya tsaya ya koya musu gane wurin da yake ɓuya.

Malam ya sa sun rubuta irin waɗannan wurare a bayan bangon littafinsu. Fili ko ɗaki ko tayil mai tsawo da faɗi ɗaya. Mutane ko itatuwa da aka jera sahu-sahu, yawan sahun daidai da yawan waɗanda ke cikin kowane sahu. Tsani da aka jingina a bango. Wanda ya yi tafiya gabas sannan ya karya kwana ya yi arewa, ana son a san nisansa daga inda ya tashi. Dutsen da aka saki cikin rijiya ana tambayar daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ruwa. Kowane iri sai sun yi masa misali da abin da suka sani. Na sahu, da faretin makaranta ya yi: ɗalibai 576, sahu nawa? Ya sa suka yi ta raba 576 har ta koma ƙananan lambobin da suka gina ta, 2 guda shida da 3 guda biyu. A haɗa su bibbiyu, a ɗauki ɗaya daga kowane biyu, 2 sau 2 sau 2 sau 3, ya zama 24. Na rijiya kuma ya haɗa musu da darasin fiziks: zurfi daidai yake da 5 sau lokaci sau lokaci, in an ɗauki ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi a matsayin 10 kamar yadda aka saba a jarrabawa. Rijiya mai mita 45, a raba da 5 a sami 9, tushen 9 kuwa 3. Daƙiƙa uku.

Da ya ji sana'ata sai ya same ni bayan an tashi. "Baba, don Allah ranar Asabar ka zo mana da tef ɗinka da wani ɗan firam." Na ɗauko firam ɗin taga na ƙarfen angil da na haɗa wa wani, tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 3, na ɗaura a bayan babur. Aka shimfiɗa shi a ƙasa a gaban aji. Malam ya ce kafin a auna, kowa ya rubuta nawa ne daga wannan kusurwa zuwa waccan da ke gicciye da ita. Kusan rabin ajin 7 suka rubuta. Wasunsu ma sun fara daidai, sun sami 16 da 9, amma maimakon su haɗa su sami 25 sannan su nemi tushe, sai suka fitar da tushen kowanne dabam, 4 da 3, suka tara. Malam ya ce wannan kuskure shi ya fi kowanne cinye makin yara a wannan babi, kuma ya daina yi musu faɗa a kansa, gara su gani.

Na kira wani yaro daga cikin masu 7 ɗin ya riƙe bakin tef, na ja. Inci 60 cif, ƙafa 5. Yaron ya ce a sake, aka sake. Ya duƙa ya duba tef ɗin da kansa ko na murɗe shi. Na ce masa ya kwatanta da kansa: in ya bi gefen firam ɗin, ƙafa 4 sannan ƙafa 3, ai 7 ɗin zai taka, to yaya yanke hanya zai zama daidai da zagaye? Nan na ga fuskarsa ta saki.

Malam ya ce in gaya musu me muke yi da wannan awo a wurin aiki. Na ce duk firam ɗin ƙofa ko taga ko get da za mu haɗa, bayan an ɗan ɗiga masa wuta a kusurwoyi, sai mun auna gicciye biyu kafin a ƙone shi gaba ɗaya. In suka zo ɗaya, firam ya zauna sukwaya. In ɗaya ya fi ɗaya ko da rabin inci ne, ya karkace, ƙyaure ba zai rufu da kyau ba, mai kaya kuma zai dawo maka da shi. Magina ma da uku, huɗu, biyar ɗin nan suke fitar da kusurwar gini da igiya kafin a tona fandisho. Ogana ne ya koya mini tun ina yaron shago. Malam ya ce musu abin da ke cikin littafinsu da sunan ƙa'idar Fitagoras shi ne wannan, ba wani abu dabam ba.

Daga firam ya wuce zuwa fili, kuma a nan ne na ƙaru ni ma. Fuloti irin wanda aka saba yankawa a Rigasa ko Mando ko Rigachikun, faɗi ƙafa hamsin, tsawo ƙafa ɗari. In an nuna maka fili, turaku huɗu a kafe, ta yaya za ka san kusurwoyinsa sun tsaya daidai? Hamsin sau hamsin 2,500, ɗari sau ɗari 10,000, jimla 12,500. Wannan lamba ba ta da tushe cikakke, kuma a irinta ne yara ke rikicewa su ce tambayar ba daidai ba ce. Sai ya nuna musu wata hanya mai sauƙi. Ka yi kirdado, ka ce 110, tunda 110 sau 110 ya ba da 12,100, ya kusa. Raba 12,500 da 110, ka sami 113.6. Ɗaya ya gaza, ɗaya ya zarce, to ka haɗa su ka raba biyu: 111.8. Gicciyen fulotin ke nan, ƙafa 112 saura kaɗan. In ka ja tef daga turke zuwa turke ka ga gicciye ɗaya 108, ɗayan 115, ka san filin a karkace yake. Na sha ganin maƙwabta suna rigimar iyaka bayan an ɗora katanga, a kan abin da wannan awon zai iya kashewa tun ranar farko.

Wasu iyaye suna ƙorafi cewa sun sayi kalkuleta da tsada, malami kuma ya hana amfani da ita. Ni ina bayansa a nan, kuma yana da hujja. A JAMB ba a shiga da kalkuletarka, sai 'yar ƙaramar da ke cikin kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi in an raba daidai. Yaron da ya haddace lambobi daga 1 zuwa 30 da abin da kowace ke bayarwa in an ninka ta da kanta, yana ganin 289 ya san 17 ne, yana ganin 676 ya san 26 ne, ya wuce. Don haka kowace ranar Litinin da wannan hadda ake buɗe aji, kamar minti biyar. A WAEC kuwa an yarda da kalkuletar da ba a iya loda mata abu, amma takardar tiyori, inda ake amsa tambayoyi 10 cikin 13 a awa biyu da rabi, maki a kan matakai ake ba da shi. Wanda ya rubuta amsa tsirara ba tare da hanyar da ya bi ba ya yi asara ko da amsar daidai ce.

Ba wai ya haramta ta ba ne gaba ɗaya. Minti ashirin na ƙarshe ake buɗe kwali, kowa ya duba aikinsa. Ya kuma koya musu wani ɗan abu da na tabbata ya ceci yara da yawa. Kalkuletocin kimiyya na yanzu, in ka danna tushen 12,500, ba 111.8 suke fara nuna maka ba, sai su rubuta 50√5. Yaro ya gani ya ɗauka ta lalace. Akwai maɓalli mai alamar S⇔D da ke mayar da ita lamba mai ɗigo. Ya ce kuma su san cewa 50√5 ɗin ma amsa ce, wani lokaci ita ake so a bari a haka, sai a karanta abin da tambaya ta ce. Haka ya yi musu da littafin tebur ɗin nan na fo-figa. Teburin tushe iri biyu ne a ciki, na 1 zuwa 10 da na 10 zuwa 100. Mai neman tushen 4,000 in ya buɗe na farko ya ga 4 ya ba da 2, sai ya rubuta 20 ko 200. Alhali na biyun ake buɗewa, a duba 40, a sami 6.325, amsa ta zama 63.25. Maganin da ya ba su shi ne kirdadon nan dai: 60 sau 60 ya ba da 3,600, 70 sau 70 ya ba da 4,900, to amsar dole sittin da wani abu ce tun kafin ka buɗe littafi.

Akwai abubuwa biyu kuma da yake matsa musu a kai, waɗanda ba su da wuya amma suna zubar da maki. Ɗaya ma'auni. Ya ba su gonar masara a Saminaka mai tsawo da faɗi ɗaya, hekta 2.25, ana son a san wayar da za ta zagaye ta. Da yawa suka fitar da tushen 2.25 suka rubuta mita 1.5. Ya ce su tashi su auna mita ɗaya da rabi a ƙasa su ga ko masara nawa za ta fito a wurin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 ta kowane gefe, saboda haka gonar 22,500 ce, gefenta 150. Wasu kuma suka tsaya a 150 ɗin suna murna, alhali waya aka tambaya, gefe huɗu, mita 600. Tun daga ranar ya sa doka, in ka gama ka koma layin ƙarshe na tambayar ka sake karantawa kafin ka ja layi a ƙarƙashin amsa.

Na biyu shi ne tushen da ke zuwa da amsa biyu. Ɗakin taro, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa murabba'in mita 84. In aka bi ƙa'idar da suke haddacewa, abin da ke ƙarƙashin alamar tushe 25 ne a haɗa da 336, wato 361, tushensa 19. Daga nan amsa biyu ke fitowa, 7 da kuma 12 mai alamar ɗebewa. Malam ba ya yarda yaro ya share ta biyun shiru. Sai ya rubuta jimla guda yana cewa an ajiye ta ne domin faɗin ɗaki ba ya zama ƙasa da sifili. Faɗi 7, tsawo 12, a ninka a ga 84 ya dawo.

Wani lokaci yakan kauce ya ba su tarihi. Ya gaya musu cewa Alkhawarizmi, malamin da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820 miladiyya, da kalmomi ya rubuta shi gaba ɗaya, babu x babu y, kuma babban kaso na littafin matsalolin rabon gado ne da wasiyya da awon ƙasa. Wato tambayar labari ita ce asali, alamomin daga baya suka zo. Ya kuma nuna musu a wayarsa hoton wani ɗan allon yumɓu daga Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda ya haura shekara 3,500, yana ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. An zana murabba'i da gicciyensa a jiki, an rubuta tushen 2 da ya yi daidai da 1.41421. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Yaranmu da yawa sun ɗauka lissafi kayan Bature ne da aka ɗora musu, sun manta malamin da ke raba gado a unguwarsu lissafi yake yi.

Yanzu ga inda ban gamsu ba.

Wurin ya yi wa yaran kaɗan. Sun haura talatin a garejin da ashirin ma sun cika shi. A watan Maris da Afrilu, in aka ɗauke wuta, fanka ɗayar da ke sama ta tsaya, yara sai fifita suke da littafi, na baya kuwa rabinsu barci ke ɗauka. Babu banɗaki na ɗalibai, sai dai a shiga cikin gida a roƙi alfarma, abin da 'yan mata ke jin nauyinsa. Duk uban da ke da 'ya mace ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Asabar a haɗe ake zama, SS1 har SS3. Tun daga watan Fabrairu, da jarrabawa ta ƙarato, hankalin Malam duk ya koma kan 'yan SS3 da tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB, ana ta gudu. Wannan tsayawar a ba da labari da Hausa, wadda saboda ita nake biyan kuɗina, sai ta ragu sosai. Na fahimci uzurinsa, iyayen waɗancan suna kansa, amma kuɗi ɗaya muke biya.

Ranar Laraba kuma ba shi ke koyarwa ba, wani mataimakinsa ne, ɗalibi a wata babbar makaranta. Yaron kirki ne, ya kuma san lissafi, sai dai hanyarsa ita ce wadda muka gudo daga gare ta: ya rubuta ƙa'ida a allo, ya yi misali biyu, ya ce a kwafa. Kamar ka koya wa yaron shago kunna injin walda ne ba ka nuna masa inda ake ɗora wuta ba. 'Yata takan dawo ranar Laraba da shafi uku cike da rubutu, in na ce ta gaya mini me aka yi da Hausa sai ta ce, "Baba, yau ba a yi labari ba."

Sai lokacin tashi. An ce ƙarfe shida, amma in darasi ya yi daɗi Malam ba ya duba agogo, har a kira magariba yara na ciki. Mu da ke kusa da sauƙi. Akwai yarinyar da ke zuwa daga Unguwar Sanusi, wata daga Kabala, suna neman Keke cikin duhu. Na yi masa magana a kan wannan ba sau ɗaya ba, ya gyara na ɗan lokaci, sannan aka koma.

Kuɗin naira 8,000 ne a wata, ban da na fotokwafi da ake karɓa jefi-jefi. A yadda rayuwa ta yi tsada, ga mai yara uku ko huɗu a sakandare, nauyi ne. Ba ya ba da rahoto a rubuce, sai ka tare shi ka tambaya, amma in ka tambaya yana faɗa maka gaskiya ko ba ta yi maka daɗi ba. Na ji da kunnena ya ce wa wani uba, "Alhaji, yaronka bai zauna a kan jadawalin sau ba. Ka bari ya yi wata biyu yana haddarsa a gida, in ba haka ba kuɗinka kawai zan ci." Shi ya sa na ce ba na kowane yaro ba ne. Wanda bakwai sau takwas ke tsayar da shi zai ɓace a wannan aji, domin ba a komawa baya saboda mutum ɗaya. Wanda ya fi amfana shi ne irin 'yata, mai iya lissafi da lamba amma Turancin tambaya ke ɗaure masa kai.

Canjin da na gani a gida shi ne hujjata, fiye da makin da ya tashi a jarrabawar zango. Yanzu in ta zauna aikin gida, zane take fara yi, ko da akwati ne mai layi huɗu, kuma ina jin ta tana maimaita tambayar a hankali da Hausa. Kwanan baya wani mai gidan kallon ƙwallo ya ba ni aikin keji na talabijin, ya ce mai inci 32 ce, in yi masa faɗi 32. Ina maganar a tsakar gida sai ta ce, "Baba, inci 32 ɗin nan ba faɗi ba ne, daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa." Ta ɗauki tef ta auna gilashin tamu, wadda ita ma 32 ce: faɗi kusan 28, tsayi kusan 16. Ta ninka kowanne da kansa, 784 da 256, ta haɗa 1,040, ta ce tushensa ya ɗara 32 da kaɗan tunda 32 sau 32 shi ne 1,024. Na san zancen gicciyen talabijin tun da daɗewa, amma ban taɓa ganin yarinyar nan ta ɗauko lissafi da kanta ta ɗora a kan abin da ke gabanta ba sai ranar.

Wanda zai kai nasa, ya fara zuwa ranar Talata ko Alhamis ya zauna a baya ya saurara kafin ya biya, Malam ba ya hanawa. Ya yi ƙoƙari ya sa yaron tun zangon farko, daga Satumba, lokacin da ake tafiya a natse, kada ya jira sai jarrabawa ta matso. Ya tambaya wace rana ce ta mataimaki. Mai 'ya mace da ke nesa ya shirya wanda zai riƙa ɗauko ta. Kalkuleta kuma a sayi ta kimiyya wadda aka yarda a shiga WAEC da ita, yaro ya saba da ita tun yanzu, kada a sayo sabuwa ana gobe jarrabawa.

Mu iyaye huɗu mun haɗu mun same shi a kan maganar raba ajin Asabar da ta lokacin tashi. Ya ce yana neman ɗaki na biyu a layin, in ya samu zai ware 'yan SS3 dabam daga sabon zango, kuma zai sa wani yaro ya riƙa buga masa ƙararrawa shida saura kwata. Na biya kuɗin wata mai zuwa. In zangon ya shiga ba a raba ba, zan cire ta daga Laraba da Asabar, in roƙe shi ya rage mini kuɗin zuwa na kwana uku.